Gasar golf ta Kantawi: shekara huɗu aka yi, sai aka naɗe tabarma

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Daren jiya muna kallon ƙarshen wata gasar golf ta Dubai ni da yarona, sai ya jefo min tambaya. Ya ce, Abba, ya ake cewa gasar 'yan Turai ce, amma kullum a ƙasar Larabawa nake ganin su? Na ce masa kuɗi ne. Ya ce to ina suka fara zuwa da suka bar Turai? Na ce Dubai mana. Da gari ya waye na bincika, ashe ƙarya na shirga wa yaro. Wai Tunisiya ce, a 1982, a wani garin shaƙatawa na bakin teku da ake kira Kantawi. Don Allah wanda ya san labarin ya warware mana, kafin in koma gida in gyara zancena.

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Ba kai kaɗai ba ne, Abban Sadiq, kusan kowa Dubai yake cewa. Sunan gasar Tunisian Open, kuma sau huɗu kacal aka buga ta a jerin European Tour, wato babban jerin gasannin ƙwararrun 'yan golf na Turai, daga 1982 zuwa 1985, duk a fili ɗaya, filin golf na Kantawi da ke arewa da birnin Susa da kamar kilomita 10. Tun da aka kafa jerin a 1972 ba a taɓa fitar da gasa mai lissafi, wato wadda sakamakonta ke shiga teburin gwarzon shekara, daga nahiyar Turai ba sai wannan karon. A watan Afrilu ake yin ta, ita ke buɗe shekara.

Antonio Garrido na Sifen ne ya ci ta farko, bayan sun yi kunnen doki da ɗan ƙasarsu Manuel Calero aka je bugun raba gardama. Shekarar da ta biyo Mark James na Ingila ya ɗauka. A 1984 Sam Torrance ɗan Sikotilan, da tazarar bugu ɗaya tak tsakaninsa da Brian Waites. Ta ƙarshe kuma wani Stephen Bennett, wanda ya kayar da Paul Way a raba gardama, kuma ita ce kaɗai gasar da ya taɓa ci a babban jerin.

Ga wani abin da nake so a labarin. Garridon nan shi ne ya ci gasa ta farko a tarihin European Tour gaba ɗaya, ta Sifen a 1972. Bayan shekara goma da aka buɗe ƙofar waje, shi ne dai ya fara shiga.

Gatari:
To, sai me? Turawa sun zo sun buga ƙwallon lambu, Turawa sun ci, Turawa sun kwashe kuɗi sun koma gida. Ka karanto sunaye bakwai, babu Ali babu Salah. Ina tarihin Afirka a nan? Ni a wurina tallan otal ne aka sa masa rigar wasa.

Baba Tsohon Kadi:
Salamu alaikum. Malamin Tarihi, Allah ya ƙara sani, amma ban yarda da wannan lissafin ba. Yaya za a ce 1982 ne Turawa suka fara fitowa? Mu da muka ɗauki jakar 'yan golf a Kaduna tun muna 'yan yara mun san duk shekara, da sanyi ya kama su a can, nan suke gangarowa. Nigerian Open tun 1969 ake yin ta. Sandy Lyle, wanda daga baya ya ci British Open da Masters, biyu daga cikin manyan gasannin golf na duniya, a Legas ya fara cin gasa a matsayin ƙwararre, 1978. Daga Najeriya su wuce Kwaddibuwa, Kenya, Zambiya. Shi Seve Ballesteros na Sifen da ake ta kururutawa ai ya ci ta Kenya a 1978 ɗin. To ina Tunisiya take a lokacin? Filin Kantawin ma ba a gama shi ba.

Malamin Tarihi:
Ranka ya daɗe Baba, duk abin da ka lissafa haka yake, ba na ja da ko ɗaya. Bambancin a littafin lissafi yake. Waccan kewayen da kake magana shi ake kira Safari Circuit. 'Yan wasan Turai ne ke cika shi, amma kuɗin da mutum ya ci a Legas ko Nairobi ba ya shiga teburin da ake fitar da gwarzon shekara na European Tour. Kamar wasan share fage ne kafin a fara kakar wasa, sai dai akwai kuɗi a ciki. Ta Kantawi kuwa duk fam ɗin da ka ci an rubuta maka shi a babban tebur. Shi ya sa ake ba ta wannan lambar.

Baba Tsohon Kadi:
Wato namu cin tuwo ne, nasu ne cin abinci. Na ji.

Ɗan Susa:
Hahaha, Baba a yi haƙuri. Bari in sa baki tunda na yi shekara uku ina karatu a Susa, kuma Kantawi nan muke zuwa shan iska ranar Lahadi in aljihu ya yarda.

Abin da ya kamata a fara ganewa, Kantawi ba gari ba ne irin Susa. Susa tsohon birni ne mai ganuwa da ribaɗi, ya haura shekara dubu a Musulunci, kafin nan ma akwai shi tun zamanin mutanen Kartaj da Rumawa. Kantawi kuwa a takarda aka zana shi, aka gina shi dungurungum a ƙarshen shekarun 1970, aka buɗe a 1979. An haƙa tashar ƙananan jiragen ruwa na masu hali da za ta ɗauki sama da 300, aka kewaye ta da fararen gine-gine masu shuɗin ƙofofi da tagogi, da 'yan lunguna da aka shimfiɗa wa dutse don su yi kama da tsohon gari. In ka shiga za ka rantse ya shekara ɗari biyu, alhali babanka ya girme shi. Ba za ka ga mai gyaran takalmi ko makarantar allo ba. Kantunan tsaraba ne, gidajen abinci, otal-otal a jere har iya ganinka.

Filin golf ɗin yana bayan otal-otal ɗin, ya hau tudu cikin itatuwan zaitun, wani ɓangaren kuma ya gangaro wajen teku. Wani Ba'amurke mai suna Ronald Fream ne ya tsara shi. Yanzu rami 36 ne, an raba shi gida biyu, na teku da na tudu.

Don haka maganar Gatari ba ta faɗi ƙasa ba. Wanda ya gina gadaje dubbai a bakin ruwa, damuwarsa ita ce watannin da ba a wanka a teku. Daga Yuni zuwa Satumba ba ya neman kowa, baƙi ne ke neman sa. Amma Maris da Afrilu fa? Ruwan da sanyi, gadaje a kwance. Ɗan golf shi ne baƙon da ba ruwansa da wanka, rana kawai yake so da ciyawa.

Gatari:
Yauwa. Na gode ɗan'uwa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Maman Ilham:
Gatari, kai kuma sai ka ce an kama wani da sata. Ni sana'ata ke nan, sayar da tikiti da shirya wa mutane tafiya, kuma ban ga abin kunya a talla ba. Kowace gasa a duniya wani abu take sayarwa. Ku dubi sunayen gasannin Turai na wancan zamanin: Benson & Hedges, taba ke nan. Martini, giya. Sanyo, rediyo da talabijin. Ita ta Tunisiya ƙasa take sayarwa, kuma ni na fi ganin mutuncin wannan a kan tallan sigari.

Su ma Turawan ba alfarma suka yi wa kowa ba. A Ingila ko Jamus ba ka isa ka tara mutane a fili a tsakiyar Afrilu ka ce ka tabbata ruwa da sanyi ba za su watsa taron ba. Ken Schofield, wanda ya riƙe jerin daga 1975 har 2004, babban aikinsa shi ne tsawaita shekara, ya samar wa 'yan wasansa ƙarin makonnin da za su ci abinci. Daga Landan zuwa Munastir, kusa da Susa, tafiyar awa uku ce a jirgi. Mai gado yana neman baƙo, mai baƙo yana neman rana, suka haɗu. Ciniki ne, kowa ya san abin da ya zo nema.

Abban Sadiq:
Hajiya, to in ciniki ne mai riba, me ya kashe shi bayan shekara huɗu? Nan ne ni kaina ya ɗaure.

Gatari:
Tambayi Malamin Tarihi abin da ya faru a Tunisiya wata uku kafin Torrance ya ɗaga kofi. Ya faɗa da bakinsa.

Malamin Tarihi:
Zan faɗa, ai ba ɓoyayye ba ne. A ƙarshen Disambar 1983 gwamnatin Firaminista Muhammad Mzali ta janye tallafin alkama, farashin burodi ya ninka. Tarzoma ta tashi daga garuruwan kudu, ta bazu har Tunis a farkon Janairun 1984. Aka sa dokar ta-ɓaci, sojoji suka fito, aka kashe mutane da dama. Ranar 6 ga Janairu Shugaba Burgiba ya fito a talabijin ya soke ƙarin. Mu nan ba sai an fassara mana ma'anar cire tallafi ba.

Shekarar 1985 ma ba ta zo da sauƙi ba. A watan Agusta Libiya ta koro dubban ma'aikata 'yan Tunisiya, wanda hakan ya toshe wata babbar hanyar shigowar kuɗi. Ranar 1 ga Oktoba jiragen Isra'ila suka yi ruwan bama-bamai a hedikwatar ƙungiyar 'yantar da Falasɗinu da ke Hammam Shatt, kusa da Tunis. Da aka shiga 1986 farashin mai ya faɗi warwas, asusun ƙasa ya bushe, aka sauke Mzali, aka tafi wajen IMF. A Nuwambar 1987 Ben Ali ya kawar da Burgiba.

A nawa lissafin, ƙasar da ke cikin wannan hali ba ta da sukunin tara wa baƙi kuɗin kyauta duk shekara. A 1986 sai aka buɗe kakar wasan a garin Kan (Cannes), kudancin Faransa, wani garin shaƙatawar na bakin teku.

Gatari:
Ka ji ko? Ana harbin mutane a kan burodi, wasu na auna ciyawa da ma'auni. In wannan bai dame ku ba ni ya dame ni.

Maman Ilham:
Ya dame ni mana, ƙanena. Amma ka tambayi kanka, mai wankin zanen gado a otal, da direban tasi, da mai sayar da kifi a Susa, da wane kuɗi suke sayen burodin? Tunisiya ba ta da man Libiya ko gas ɗin Aljeriya. Zaitun ne, fosfat, ɗan man da bai taka kara ya karya ba, sai baƙi. In ka kore baƙin ba ka ƙara wa talaka ko loma ɗaya ba.

Ni kuma ban ma yarda tarzoma ce ta kashe gasar ba, Malam. Ai bayan tarzomar an sake yi har sau biyu. Abin da na gani shi ne rashin uban gida. Ku sake duba sunanta: Tunisian Open, shi ke nan, babu sunan wani kamfani a gaba. Gasar da ba ta da mai ɗaukar nauyi na dindindin marainiya ce, duk shekara sai an yi bara. Ku kwatanta da Maroko. Sarki Hassan na Biyu da kansa ɗan golf ne, ya gina filin Darus Salam a Rabat, ya kafa kofinsa tun 1971, kuma har bayan rasuwarsa ana bugawa. A 1987, shekara biyu da mutuwar ta Kantawi, ina European Tour ta koma a Afirka? Rabat. Burgiba kuwa a lokacin ya haura tamanin, rashin lafiya ta ci ƙarfinsa, masu neman kujerarsa suna ta kokawa. Wa zai tsaya wa golf?

Malamin Tarihi:
Hajiya, wannan hujja ce mai ƙarfi, na karɓa. Sai dai ina ganin ba su saɓa ba. Rashin uban gida shi ne ciwon, talaucin 1986 shi ne ya ƙarasa majinyacin. Akwai kuma matsalar kalanda. Afrilu watan Masters ne. Duk mai bin golf a duniya idonsa na Ogasta a Amurka. Seve ya ci ta a Afrilun 1983, Bernhard Langer ya ci a Afrilun 1985, su ne kuma manyan taurarin Turai na lokacin. Gasar da aka ajiye a gefen wannan biki, ko wa ya ci ta labarinsa a shafin ciki zai fito.

Baba Tsohon Kadi:
Ku dakata da siyasa haka nan, ku gaya min bugu nawa suka yi. Mu a nan muke gane fili.

Malamin Tarihi:
Garrido 286, James 284, Torrance 282, Bennett 285.

Abban Sadiq:
Baba, a fassara mana. Ni dai kallo nake yi, in na ga an tafa in tafa.

Baba Tsohon Kadi:
To saurara, ɗana. Fili rami 18 ne. Kwana huɗu ake yi, kullum a zagaya sau ɗaya, rami 72 ke nan. Kowane rami akwai adadin bugun da aka yanka masa, wani uku, wani huɗu, wani biyar. In ka tara na Kantawi 72 ne a zagaye ɗaya, kwana huɗu 288. A golf mai ƙaramin lissafi shi ne gwani. Wanda ya yi 286, bugu biyu kawai ya rage wa fili a kwana huɗu. Ƙwararru ne fa, waɗanda ba su da wata sana'a sai wannan. In ka ga mafi gwaninta a cikinsu ya tashi da biyu, ko uku, ko shida, to filin ne ya yi musu dukan kawo wuƙa. Ɗan Susa, akwai iska a wurin?

Ɗan Susa:
Baba, iska kam sai wanda ya gani. A watannin nan tana tasowa daga teku da rana, in kana tafiya a bakin ruwa sai ka riƙe hularka.

Baba Tsohon Kadi:
Shi ke nan, magana ta fito. Iska ita ce maƙiyin ɗan golf. Ruwan sama ma ya fi ta sauƙi, don shi yana tausasa ƙasa ƙwallo ta zauna. Iska kuwa ka ɗaga ƙwallo sama ta ɗauke ta ta kai maka ita gindin zaitun. Ga sabon fili, ƙasa ba ta gama kwanciya ba. Ga mutane sun fito daga hutun sanyi hannu bai warware ba.

Yanzu ku kwatanta da namu. A 1981, shekara ɗaya kafin a fara ta Kantawi, wani Bature Peter Tupling ya yi 255 a Ikoyi. Ya rage wa fili 29. A lokacin ba a taɓa yin irinsa ba a gasar kwana huɗu. Tsakaninsa da Garrido bugu 31. Kuna tsammani ya fi Garrido iyawa ne? Ko kusa. Sirrin a burawun yake.

Gatari:
Mene ne kuma burawun, Baba?

Baba Tsohon Kadi:
Kai da ka ce wasan masu kuɗi ne, yanzu kana tambaya? To zauna. Wurin da ramin yake, inda ake gangara ƙwallo a hankali, a Turai ciyawa ce mai laushi da ake askewa kullum, shi ake kira girin. Mu nan ruwan da za a shayar da ita babu, sai aka yi dabara. A tankaɗe yashi, a kwaɓa shi da baƙin mai, a baje, a daddaɓe. Shi ne burawun. In ƙwallo ta faɗo a kai ba ta tsalle, nan take zama kamar an ajiye ta da hannu. Kafin mutum ya buga kuma sai yaro ya ja buhu ko guntun kafet daga ƙwallon zuwa rami, ya share masa hanya sumul. Ba tudu, ba gangare, ba saiwar ciyawa da za ta karkatar da ita. In hannunka ya saba, rufe ido kawai za ka yi. Na ja wannan buhun har kafaɗata ta san shi, kuma wandona bai taɓa rabuwa da tabon mai ba, uwata ta yi faɗa har ta gaji.

Shi ya sa nake ce wa yara, ba girin-girin ba, ta yi mai. Mu namu ya yi mai, har ya yi yawa.

Maman Ilham:
Wallahi Baba ka gama da mu, dariya har da hawaye.

Ɗan Susa:
Baba ya taɓo inda nake so in je, maganar ruwa. Tunisiya ƙasa ce mai ƙishirwa, ko a 'yan shekarun nan an yi ta yanke ruwan famfo da dare saboda fari. To da me ake shayar da rami 36? Da ruwan da ya fito daga bayan gida da wurin wanka na gari da otal-otal, bayan an tace shi a matatar ƙazanta. Haka filayen golf na ƙasar suke rayuwa, kuma Tunisiya na cikin ƙasashen da suka fara wannan dabara da wuri. Wato baƙon ya yi wanka da safe, da yamma ya taka ciyawar da ruwan wankansa ya shayar. Gatari, kafin ka ce an ƙwace wa manomi ruwan sha.

Gatari:
Da ma shi zan faɗa, ka riga ni. To na janye wannan. Amma babbar maganata tana nan. Baba ya ja buhu, wasu abokansa sun zama ƙwararru. Najeriya ta fitar da irin su Peter Akakasiaka da ya kai ga buga British Open. Sifen ta fitar da Seve, wanda shi ma da ɗaukar jaka ya fara. Ita gasar Kantawi wa ta fitar? Ku kawo min sunan ɗan Tunisiya ɗaya da duniya ta sani a golf. A ƙwallon ƙafa Susa tana da Etoile du Sahel, mu shaida ne, sai da bugun fenareti Enyimba ta raba da su a Abuja a 2004. A tanis suna da Ons Jabeur, ita ma 'yar yankin ce. A golf fa? Shiru. Saboda an gina filin ne a bayan otal, ba a bayan unguwa ba.

Malamin Tarihi:
Nan kam ka kama ni, Gatari. Kulob irin na Kaduna ko Jos ko Ikoyi, duk da na Turawan mulki ne a asali, a cikin gari suke, membobinsu mazauna ne, yaron da ke ɗaukar jaka yana ganin mutum ɗaya shekara goma, har wata rana a miƙa masa tsohuwar sanda. Filin otal kuwa baƙon mako guda ne, ya zo ya tafi. Kuma shekara huɗu ba ta isa ta raini kowa ba.

Amma kar a ce ba ta haifi komai ba, ta haifa, sai dai ba a gidanta ba. Ita ce ta nuna cewa za a iya kwasar 'yan wasa sama da ɗari a kai su wata nahiya, a buga gasa mai lissafi, sama ba ta faɗo ba. Bayanta Rabat a 1987. Sai Dubai a 1989, a filin Emirates da aka buɗe shekara ɗaya kafin nan, filin ciyawa na farko a yankin Gulf. Ku canki wanda ya ci ta Dubai ta farko. Mark James, mutumin Kantawi na 1983. Daga nan Bankok a 1992, Afirka ta Kudu a 1995. A 2009 aka sauya wa teburin gwarzon shekara suna zuwa Race to Dubai, daga kakar 2022 kuma jerin gaba ɗaya ya koma DP World Tour, sunan kamfanin tashoshin jiragen ruwa na Dubai. Abin da Sadiq ya gani a talabijin jiya, jikan Kantawi ne.

Maman Ilham:
Kuma dabarar iri ɗaya ce sak: bakin teku, otal, fili, gasa. Bambancin kawai zurfin aljihu. Tunisiya ta share gona, Dubai ta girbe.

Abban Sadiq:
Wani abokina ya turo min saƙo a gefe wai Sun City ta Afirka ta Kudu ta riga ta. Gaskiya ne?

Malamin Tarihi:
Ta riga ta da wata huɗu, a Disambar 1981 aka fara, Johnny Miller ya ci dala 500,000 bayan doguwar raba gardama da Seve. Amma waccan gayyata ce ta mutum biyar kacal a wurin caca na Bofutatswana, a tsakiyar mulkin wariyar launin fata lokacin da duniya ke ƙaurace wa ƙasar. Ba ta cikin lissafin European Tour a wancan zamanin. Ka ce wa abokin naka ya kawo wata.

Ɗan Susa:
Akwai abin da ban so in tayar ba, amma ba a yin zancen Kantawi a tsallake shi. Yau in ka ambaci sunan a Ingila ba golf za a tuna ba. Ranar Juma'a 26 ga Yunin 2015, cikin azumi, wani ɗan bindiga ya buɗe wuta a bakin teku da cikin wani otal a wurin, ya kashe mutum 38, talatin daga ciki 'yan Birtaniya. Ma'aikatan otal da masu sana'a a bakin ruwa sun yi ta ƙoƙarin kare baƙi da jikinsu. Bayan nan Birtaniya ta gargaɗi mutanenta kada su je har kusan shekara biyu, otal-otal da yawa suka rufe. Na san magidanta da suka koma zaman gida a lokacin. Maganar Hajiya ta ɗazu a kan mai wankin zanen gado, na gan ta da idona.

Maman Ilham:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya tsare mu da zuri'armu.

Gatari:
Amin. A kan wannan ba ni da gardama.

Baba Tsohon Kadi:
Amin ya Allah. Malamin Tarihi, kafin a tashi, ka rage wa mutanen nan daraja da ka karanto su kamar sunayen 'yan aji. Torrance ɗin nan, shekara ɗaya da rabi bayan Kantawi, shi ya jefa ƙwallon da ta ba Turai kofin Ryder, wanda tawagar Turai da ta Amurka ke karawa a kansa, a 1985, bayan Amurka ta shekara 28 ba a karɓe shi daga hannunta ba. Ya ɗaga hannu sama yana kuka. Paul Way da aka kayar a Kantawi a Afrilun shekarar yana cikin tawagar. Daga baya James ya jagoranci tawagar a 1999, Torrance a 2002. Shi kuma Garrido, shi da Seve ne mutum biyu na farko daga wajen Birtaniya da Ayalan da suka shiga tawagar a 1979, ɗansa Ignacio ma ya buga a 1997. Ba 'yan cike gurbi ne suka ci gasar nan ba.

Wanda nake tausayi Bennett ne. Sau ɗaya ya ci a babban jeri, kuma gasar da ya ci ba a sake yin ta ba, ko damar ya dawo ya kare kofinsa bai samu ba.

Gatari:
Ko kuma ka ce har yau shi ne mai riƙe da kofi, Baba. Shekara arba'in ba wanda ya karɓe.

Baba Tsohon Kadi:
Ja'iri. Ashe kana da kai.

Abban Sadiq:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Sadiq tun daga sama. Tunisiya da Dubai duk bai kula su ba, shi burawun ne ya tsaya masa a rai. Wai da gaske ake zuba baƙin mai a yashi, kuma ƙwallon ba ta yin baƙi?

Baba Tsohon Kadi:
Tana yi mana, me kake tsammani tawul ɗin da ke rataye a jaka yake yi? Ka kawo shi ranar Asabar bayan la'asar. Akwai ragowar yashin gini a ƙofar gidana, zan sa a karɓo min baƙin mai wajen mai gyaran babur, ina da tsohuwar sanda guda biyu. Ka sa masa tsofaffin kaya, kar uwarsa ta kira ni.